Kishin ƙasa da kurarin ƙasa: labarin raƙumi, giwa da tsibirin Lete

Duk wanda ya taɓa ganin lokacin zaɓe a karkara ya san yadda abin yake. Mota ta shigo gari ranar kasuwa, tuta a gaba, maroƙi a baya. A tara jama'a a gindin bedi. Mai magana ya hau tebur, ya ce shi da jam'iyyarsa su ne masu kishin ƙasa, waɗancan kuwa an saye su daga waje. Bayan kwana bakwai wata mota ta zo da wata tuta. Mai maganarta ya hau tebur ɗin nan, ya faɗi abin da na farko ya faɗa, sai dai ya juya shi. Manomi ya koma gida da ɗan ƙullin shayi da sukari, yana tambayar kansa: to, cikin su biyun wane ne ya sayar da ƙasar?

Kalmar kishi ɗaya ce a bakin Bahaushe, amma aikinta biyu ne. Akwai kishin da mutum yake yi wa gidansu. Ya ga danga ta faɗi ya tashe ta. Ya ga ƙanensa yana lalacewa ya tsawata masa, ko da za a ji haushinsa. Akwai kuma kishin kishiya, wanda idonsa kullum yana kan ɗakin wata, yana lissafin abin da aka ba ta. Irin wannan kishi, in babu abokin gaba ba ya samun abin ci. Ana jingina shi ga mata, amma a fagen siyasa maza sun fi su iya shi nesa ba kusa ba.

Haka abin yake a kan ƙasa. Na farko shi ne kishin ƙasa. Na biyu ana iya ce masa kurarin ƙasa: bugun ƙirji da sunan ƙasa, neman faɗa da maƙwabci, da kiran duk wanda bai yi ihu tare da kai ba maci amana. Daga nesa kamarsu ɗaya, don dukansu tuta ɗaya suke ɗagawa. Nijar ta ga su biyun tun tana ƙasa sabuwa. Tsofaffi a Maraɗi, Tasawa, Damagaram da Gaya sun ba jikokinsu labarin, amma yanzu masu ba da shi sun yi ƙaranci.

Raƙumi da giwa

A shekarar 1946 aka kafa jam'iyyar farko a Nijar, PPN, wadda ta zama reshen RDA. Cikin manyanta akwai Jori Hamani da Jibo Bakari. Dukansu biyu asalinsu Sudure ne, kusa da Yamai. Dangin juna ne. Dukansu sun yi karatu a makarantar William Ponty ta Senegal, dukansu sun koyar a lakkwal. Wajen 1950 hanya ta raba su. Shugabannin RDA suka ga gara a bi Faransa a hankali, a karɓi mulki kaɗan kaɗan. Jibo ya ƙi wannan hanya. Ya kafa tasa jam'iyyar a 1954, wadda daga baya kowa ya san ta da suna Sawaba. Alamar Sawaba raƙumi, alamar RDA giwa.

Sawaba ta samu ƙarfi wurin direbobin kamyo, ƴan dako, ƙananan ƴan kasuwa, masu sana'ar hannu da talakawan birni. Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956. A 1957 shi ya jagoranci gwamnatin farko ta ƴan ƙasa, a ƙarƙashin gwamnan Faransa.

Sai Janar Dagol ya kawo tambayarsa. Ranar 28 ga Satumba 1958 aka ce kowace ƙasa ta zaɓa. In ta ce "i", ta zauna cikin tarayya da Faransa. In ta ce "a'a", ta ɗauki ƴancinta nan take, Faransa kuma ta janye hannunta. Jibo ya ce a jefa "a'a". Jori da RDA suka ce a jefa "i". Faransa ta aiko sabon gwamna, Kolombani, wanda ya sa dukan nauyin ofishinsa a gefen "i". Yawancin sarakuna suka bi shi. Da aka ƙirga, "i" ta samu wajen 78 cikin 100. Gwamnatin Jibo ta faɗi. A watan Disamba Jori ya hau, kuma ranar 18 ga watan aka yi shelar Jamhuriya.

A nan ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna. Mai cewa "a'a" yana da hujja: ƙasa ba ta zama ƙasa sai ta riƙe akalar kanta. Mai cewa "i" shi ma yana da hujja: a lokacin ƴan Nijar masu ilmin boko ƙalilan ne, baitulmali ba shi da kauri, ƙasar kuma ba ta da bakin teku. Mutum biyu masu son gida ɗaya suna iya saɓawa a kan ranar da ya kamata a yi shuka. Ɗaya ya ce a bi ruwan farko, ɗaya ya ce a jira na biyu. Wannan gardama ce ta masu kishi, babu laifi a cikinta.

Laifin ya shigo da aka canja maganar. Ƴan Sawaba suka daina cewa RDA ta yi kuskure, suka koma cewa barorin Nasara ne. Ƴan RDA suka daina cewa Sawaba ta yi gaggawa, suka koma cewa ƴan koren Gana ne da ƴan kwaminis. A watan Oktoba 1959 aka haramta Sawaba. Jibo ya bar ƙasa. Daga ranar, jam'iyya ɗaya ta rage, kuma a hankali aka haɗe sunanta da sunan ƙasa. Wanda ya soki jam'iyya, an ce ya soki Nijar. Abin mamaki, ranar 3 ga Agusta 1960, ƙasa da shekara biyu bayan ƙuri'ar, waɗanda suka ce "i" su ne suka yi shelar ƴancin kai. Abin da aka kira cin amana a 1958 ya zama ranar biki a 1960, amma waɗanda suka fara neman sa suna gidan kaso ko gudun hijira.

Tsibirin Lete

A kogin Isa, kusa da Gaya, ruwa ya rabu biyu ya bar wani babban tsibiri a tsakiya. Sunansa Lete. Girmansa ya kai kamar hekta 4,000. Ƙasarsa tana da albarka, ciyawarsa tana daɗewa ɗanya bayan ta tudu ta bushe. Gefe ɗaya na kogin Nijar ce. Ɗaya gefen ƙasar da a lokacin ake ce wa Dahome, wadda tun 1975 ta koma Benin.

Fulani makiyaya daga ɓangaren Nijar sun daɗe zaune a tsibirin da shanunsu. Manoma daga ɓangaren Dahome suna ƙetarowa su yi noma. Duk wanda ya san burtali da gona ya riga ya san irin rikicin da ke tashi a wuri irin wannan. Saniya ta shiga shuka. Gona ta ci hanyar mashaya. A yi cacar baki, wani lokaci a ɗaga sanda. A daren 29 ga Yuni 1960 abin ya wuce sanda. Aka kai hari a tsibirin, aka kashe Fulani huɗu ƴan Nijar, aka ƙone bukkokinsu. Wata guda da ƴan kwanaki bayan haka ƙasashen biyu suka samu ƴancin kai, Dahome ranar 1 ga Agusta, Nijar ranar 3. Rikicin manomi da makiyayi ya tashi daga hannun masu gari, ya koma hannun gwamnatoci biyu.

Shekara uku abin yana kwance, don Jori Hamani da shugaban Dahome, Hubert Maga, suna shiri. Ƙasashensu suna cikin ƙungiya ɗaya ta Antant tun 1959, tare da Kodebuwa da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Suna da kamfanin sufuri na haɗin gwiwa. Kaya su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kotonu, jirgin ƙasa ya kawo su Paraku, kamyo ya ɗauko su ya ƙetare gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Wani kaso na gujiyar da manoman Nijar suka noma ta wannan hanya yake fita zuwa teku.

A ƙarshen Oktoba 1963 soja suka tumɓuke Maga. Cikin tarzomar da aka yi a Dahome waɗansu ƴan Nijar mazauna can suka rasa rayukansu. A farkon Disamba kuma wani sashe na sojojin Nijar ya yi bore a Yamai. An kashe wutar boren, amma gwamnati ta tsorata. Ga aboki ya faɗi a maƙwabta, ga soja sun motsa a gida, ga Sawaba tana shiri a waje. A daidai wannan lokaci maganar Lete ta taso da ƙarfi. Kowace gwamnati ta ce tsibirin nata ne, ba za ta bar ko taki ɗaya ba. Gidajen rediyo suka shiga yi wa juna baƙar magana. Aka tura soja bakin kogi ta kowane gefe.

Sai gwamnatin Nijar ta ce ƴan Dahome da ke aiki a ƙasar su koma gida. Su wane ne waɗannan mutane? Tun zamanin Nasara, Dahome ta riga Nijar samun lakkwal da yawa. Don haka Faransa ta riƙa kawo ƴan Dahome su yi aikin ofis, su koyar da yara, su yi aikin likita, gidan waya da baitulmali. Waɗansu sun yi shekaru masu yawa a Nijar, sun haifi ƴaƴa a nan, suna jin Hausa da Zabarmanci. Babu ruwansu da Lete, yawancinsu ma ba su taɓa ganin tsibirin ba. Dubban mutane suka ɗaure kayansu suka nufi gada.

Gaskiya ne akwai ƙorafi na halal a ƙarƙashin abin. Samarin Nijar da suka gama lakkwal suna ganin kujerun ofis a hannun baƙi. Son ɗan ƙasa ya riƙe aikin ƙasarsa ba laifi ba ne. Mai kishin ƙasa zai gina makarantun horon malamai, ya sa ɗan ƙasa kusa da baƙo ya koyi aiki, ya sallami baƙon da mutunci idan lokaci ya yi. Wannan hanya tana cin shekaru, kuma ba a yi mata kiɗa. Korar mutane a tashi ɗaya ita ce ake yi wa kiɗa, don kowa yana ganin motoci suna fita, jam'iyya kuma tana samun kujerun da za ta raba wa nata.

Dahome ta rama. Ta toshe hanya. Kayan Nijar suka tsaya a Kotonu, jirgin ƙasa ya daina ɗaukar su. Ƙasar da ba ta da teku ta wayi gari ta yi faɗa da mai ƙofar da take bi. Waɗanda suka hau tebur suka yi kurari babu abin da ya ragu a tukunyarsu. Yaron da mushensa ya tafi, da majinyacin da mai yi masa allura ya tafi, da direban da kamyonsa ya tsaya, su suka biya. Makiyayin Lete kuwa, wanda da sunansa aka tayar da ƙurar, bai samu ƙarin ciyawa ko dami ɗaya ba. Abin da ya samu shi ne soja a bakin mashayarsa.

Faɗa biyu sun haɗu

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tsamin wani ruwa yakan shiga wani. Ƴan Sawaba da ke waje sun daɗe suna shirin dawowa da ƙarfi. An horar da samarinsu a Gana, Aljeriya, Sin da Biyetnam ta Arewa. Da Nijar da Dahome suka ɓata, sai hanya ta buɗe musu ta Dahome. Faɗan waje ya ba faɗan gida ƙofa.

A cikin gida kuwa igiya sai ƙara tsukewa take. Jam'iyya tana da ƴan sintirinta masu tare hanya. Zargi kaɗai ya isa a ɗaure mutum. Wanda ke da tsohuwar gaba da maƙwabcinsa a kan gona ko a kan sarauta ya samu makami mai arha: ya ce wane ɗan Sawaba ne. A 1964, a Jiratawa kusa da Maraɗi, wani taron jam'iyya mai mulki ya watse da rikici. Aka kama mutane, aka cusa su cikin ƙaramin ɗaki aka kulle. Kafin a buɗe, da yawa sun mutu don rashin iska. Talakawa ne ƴan Nijar, kuma waɗanda suka kulle su ƴan Nijar ne.

A watan Oktoba 1964 ƴan bindigar Sawaba suka shigo ƙungiya ƙungiya ta iyakokin kudu da yamma. Sun zaci jama'a za su tashi su bi su. Jama'a ba su tashi ba. Aka sa mutanen ƙauyuka farautarsu, cikin ƴan makonni aka murƙushe su. Waɗansu aka harbe su a bainar jama'a a Yamai. Ranar 13 ga Afrilu 1965, a filin idin babbar salla a Yamai, wani ɗan Sawaba ya jefa gurneti don ya kashe Jori. Jori ya tsira. Wani ƙaramin yaro ne ya mutu.

Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani. Wanda ya kulle mutane har suka mutu yana cewa ƙasa yake karewa. Wanda ya jefa gurneti cikin masu salla yana cewa ƙasa yake ceto. Dukansu sun kai matsayin da sunan ƙasa ya fi ƙarfin ran ɗan ƙasa a wurinsu. Wannan ita ce babbar alamar kurari. Yana son ƙasa a kan tuta da a cikin waƙa, amma mutanen da ke cikinta suna iya zama masa cikas.

Ba a ce mutanen nan biyu ba su yi wa Nijar kome ba. Jibo ne ya fara faɗa da ƙarfi cewa talaka yana da haƙƙi a gaban kwamandan da sarki. Jori ya tsaya a kan haɗin kan Nijeriya lokacin yaƙin Biyafara, alhali Faransa tana wani gefe. A farkon 1974 yana cikin ja-in-ja da Faransa a kan kuɗin yuraniyom. Waɗannan ayyukan kishi ne. Amma jam'iyyar da ta hana kowa magana ta hana kanta jin labari. A zaɓen 1965 da na 1970 an ce kusan kowa ya zaɓe ta, don babu wata a gabanta. Da fari ya tsananta daga 1968 zuwa 1974, bisashe suka ƙare, mutane suka bar garuruwansu, babu mai ikon tashi a majalisa ya ce hatsin taimako ba ya isa hannun masu yunwa. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka ɗauki mulki a ƙarƙashin Seyni Kunce, kuma maganar yunwar nan tana cikin manyan dalilan da suka bayar. Da an bar ɗan adawa ya faɗi wannan magana da wuri, ko da da ɗaci ya faɗe ta, da ya yi wa gwamnati aikin da ƴan kiɗa ba su yi mata ba.

Jori ya yi shekaru a tsare, ya rasu a Maroko a 1989. Jibo ya dawo gida a 1974, shekara ta zagayo aka tsare shi, bai fito ba sai 1984. Gab da babban taron ƙasa na 1991 aka sake buɗe fagen jam'iyyu. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993 Jibo ya tsaya da sunan Sawaba, RDA ma ta tsayar da nata. Kowanensu bai wuce 2 cikin 100 na ƙuri'u ba. Jam'iyyu biyu da aka raba zumunta dominsu, aka saki mata dominsu, aka mutu dominsu, jikoki sun wuce su sun bi waɗansu. Jibo ya rasu a 1998.

Ramin mugunta

Korar baƙo don a burge masu zaɓe ba a Nijar ta fara ba, kuma ba a nan ta tsaya ba. A 1958 an kori ƴan Dahome da ƴan Togo daga Abijan. A watan Nuwamba 1969 sabuwar gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fita. Cikin waɗanda suka fita akwai ƴan Nijar masu yawa, Zabarmawa da Hausawa, ƴan kasuwa da ƴan dako da masu aikin gonar koko, waɗansu an haife su a zangon Kumasi ko na Ankara. A watan Janairu 1983, shekarar zaɓe a Nijeriya, gwamnatin Shagari ta yi irin wannan shela. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka fita. Mafi yawansu ƴan Gana ne, amma ƴan ci-rani na Nijar suna ciki. Akwai gidaje a Adar, Gobir da Damagaram da har yanzu suke tuna yadda nasu suka dawo da tabarma da buta.

Kowace gwamnati cikin waɗannan ta ce kishin ƙasa ne. Kowace tana da matsalar cikin gida da ta fi ƙarfinta, rashin aiki ko tsadar abinci ko zaɓe mai zuwa. Nuna baƙo da yatsa ya fi gyaran kasuwa sauƙi. Mutumin Nijar, wanda rani kan kai shi Kano, Legas, Kotonu, Abijan ko Libiya neman abin rufin asiri, ya fi kowa sanin cewa duk mai tafa wa korar baƙo, shi ma baƙo ne a wani wuri. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Ƙasa da ƙasa

Kalmar ƙasa ita ma aikinta biyu. Ƙasa ita ce Nijar mai tuta da iyaka. Ƙasa kuma ita ce wadda manomi yake tonawa da hauya. Wanda ya riƙe ma'ana ta biyu ba a cika ruɗa shi a kan ta farko ba.

Bayan farin 1984, manoma a jahar Maraɗi suka fara abin da ake kira sassabin zamani. Maimakon a share gona ƙwal, sai a bar tohon kututture, a zaɓi reshe mai ƙarfi a gyara shi, a kare shi daga gatari da akuya. Abin ya bazu daga gona zuwa gona har Damagaram. Da masana suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka lissafa wajen hekta miliyan 5 da suka sake yin itatuwa, kimanin itace miliyan 200. Babu soja, babu gangami, babu wanda aka kira maci amana. Ƙasar da Nijar ta ƙwato daga hamada ta wannan hanya ta fi tsibirin Lete sau dubu. Waɗanda suka yi aikin, bayan 1991 kowa ya bi jam'iyyar da ya ga dama, amma gawon da ke gonar ɗan wannan jam'iyya yana tare iska ga gonar ɗan waccan.

Don haka idan mota ta sake shigowa ranar kasuwa, akwai abin da mai sauraro zai saurara. Mai magana yana faɗin abin da za a gyara, rijiya ko burtali ko bankin hatsi ko malamin lakkwal, ko kuwa yana faɗin wanda za a ƙi? In an tambaye shi kuskuren jam'iyyarsa, yana iya kawo ko ɗaya? Kuma in ya ce a tashi a yi faɗa, ɗan wa za a tura gaba? Mai kishi yakan ji kunya idan ya ga abin kunya a ƙasarsa, ya faɗa, ya nemi gyara. Mai kurari in an nuna masa abin kunyar, wanda ya nuna shi yake kamawa.

Yadda maganar Lete ta ƙare

Ranar 18 ga Janairu 1965 shugabannin Antant suka haɗu a Yamusukuro. Nijar da Dahome suka yarda mutanen ƙasashen biyu su ci gaba da zama a tsibirin lafiya har ranar da za a yanke magana. Hanya ta buɗe, kaya suka ci gaba da wucewa. Watau bayan kora da toshe hanya da girke soja, an komo daidai inda aka tashi.

Maganar ta yi ta kwanciya tana tashi. An sake samun tashin hankali a tsibirin a 1993 da 1998. A 1994 ƙasashen biyu suka kafa kwamitin shata iyaka, ya yi ta zama bai cimma kome ba. Ranar 15 ga Yuni 2001, a Kotonu, gwamnatocin biyu suka sa hannu a kan takardar kai ƙara kotun duniya da ke birnin Lahe, ƙasar Holan, kuma kowace ta yi alkawarin karɓar hukunci ko ya yi mata daɗi ko bai yi ba. Shugabannin lokacin, Tanja Mamadu da Matiyu Kereku, dukansu tsofaffin sojoji ne. Sun san abin da harsashi yake yi. Yin wannan alkawari yana buƙatar ƙarfin zuciya, don wanda ya sha kaye zai koma gida ya tarar da ƴan adawa suna jiran sa da kalmar nan ta sayar da ƙasa.

A kotun babu wanda ya tambayi wa ya fi ihu. Takardu aka baje. Akwai wasiƙar da kwamandan Gaya ya rubuta a 1914, wadda ta nuna yadda aka raba tsibiran kogin tsakanin ɓangarorin biyu bisa ga inda ruwa ya fi zurfi. Akwai littattafan haraji da na ƙidaya da na shari'a, masu nuna cewa daga Gaya ake gudanar da Lete. Tsofaffin rubuce-rubucen ma'aikatan ofis, waɗanda aka adana shekara da shekaru, su suka tsaya wa Nijar.

Ranar 12 ga Yuli 2005 aka yanke hukunci. Iyaka ta bi babbar hanyar ruwa, inda kogin ya fi zurfi. Cikin tsibirai 25 da ke wannan yanki, Nijar ta samu 16, har da Lete. Benin ta samu 9. A ɓangaren kogin Mekuru kuwa, can yamma, kotu ta bi maganar Benin, ta ce iyaka tana tsakiyar kogin. Kowa ya samu, kowa ya rasa, kuma gwamnatocin biyu suka karɓa. Alƙalan sun ƙara da cewa hukuncin na mulkin ƙasa ne, bai taɓa haƙƙin da mutane suke da shi a kan filayensu na tsibiran ba. Daga daren da aka kashe Fulanin nan huɗu zuwa ranar hukuncin, shekara 45 ke nan.